Daga Kwanon Wanki Zuwa Bakin Rafi: Yadda Aka Bi Sawun Cutar Ɗanyen Ganye

A shekarar 1918 hukumar lafiya ta jihar Kalifoniya a Amurka ta kafa wata ƙa'ida: an hana shayar da kayan lambun da ake ci ɗanye da ruwan najasar gari. Dalilinsu a fili yake. Tun cikin ƙarni na 19 manyan biranen Turai irin su Paris da Balin suke kwarara ruwan masai zuwa gonakin bayan gari, ana ganin an yi dabara, tunda gari ya rabu da ƙazanta, manomi kuma ya samu ruwa da taki a tashi ɗaya. Sai masana suka gano ƙwayar taifot a 1880, ta kwalara kuma 'yan shekaru bayan nan. Daga nan aka fahimci cewa abin da ya fito daga cikin mai ciwo yana iya bin ruwa ya sauka a kan ganye, ya koma cikin mai lafiya. Dankali da wake ba su tayar wa kowa hankali ba, don za su bi ta tukunya. Latas da kabeji da danginsu su ne abin tsoro, domin daga gona sai baki.

Darasin bai shiga ko'ina lokaci guda ba. A 1970 kwalara ta ɓulla a birnin Ƙudus, bincike ya kai ga lambunan da ake ba ruwan najasa. A Santiyago, babban birnin Cile, taifot ya daɗe yana tashi duk lokacin zafi, daidai sa'ad da manoma suke jan ruwan kogin Mapocho, wanda dattin birnin yake zuba a ciki. Sai da kwalara ta shigo yankin a 1991 gwamnati ta hana noman ganyen ci ɗanye da wannan ruwa, ta kuma hana gidajen abinci sayar da shi. Kwalara aka nufa, amma taifot ma ya yi ƙasa sosai.

Ƙasashen da suka gina magudanan ƙarƙashin ƙasa da matatun ruwa sun ɗauka sun rabu da wannan fitina. Sai a 1982 mutane a jihohin Oregon da Michigan suka kwanta da murɗar ciki da gudawar jini bayan sun ci niƙaƙƙen naman sa a shagunan abinci. Aka gano wani reshe na ƙwayar E. coli mai lamba O157:H7. Ita E. coli tana cikin hanjin kowa, tun 1885 likitan nan Bajamushe Theodor Escherich ya bayyana ta, kuma yawancinta ba ta da illa. Wannan reshen kuwa dafi yake fitarwa. Mazauninsa hanjin shanu, su kuma ba ya yi musu komai, saniya tana cike da ƙoshin lafiya tana zubar da shi a kashinta. Ƙwayoyin da ba su kai 100 ba sun isa su kwantar da mutum. Galibi ciwon ba ya tashi sai bayan kwana 3 ko 4, lokacin da an manta abin da aka ci. Cikin waɗanda ya kama, kashi 5 zuwa 10 cikin 100, galibi ƙananan yara da tsofaffi, dafin yakan farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini ya tsayar da ƙoda, wasu sai da wankin ƙoda, wasu kuma ba sa tashi.

A 1993 wannan ƙwaya ta kama mutum sama da 700 a yammacin Amurka ta hanyar nama, yara 4 suka rasu. Shekara guda bayan nan ma'aikatar noma ta ƙasar ta haramta sayar da niƙaƙƙen naman da aka samu ƙwayar a ciki, aka fara gwaji a mayanka. A 1996 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta haɗa ɗakunan gwaji na jihohi a tsari guda mai suna PulseNet, inda ake kwatanta tambarin halittar ƙwayar da aka samu a jikin majinyata. Da wannan ne ake gane cewa mutum biyu da ke jihohi masu nisa da juna abu ɗaya suka ci. Shi nama da sauƙi, muddin zafi ya kai digiri 70 har tsakiyarsa ƙwayar ta mutu. Sai dai a daidai wannan lokaci ana can ana sauya yadda ake sayar da ganye.

Daga ƙarshen shekarun 1980 kamfanonin Kalifoniya suka fara sayar da salak yankakke, wankakke, a cikin leda, buɗewa kawai za ka yi ka juye a faranti. Kasuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu. Yadda ake yinsa kuwa shi ne: motoci su kawo ganye daga gonaki daban-daban, inji ya yayyanka, ya zuba a dogon kwatami mai ruwan sanyi da sinadarin kulorin, a wanke sau biyu ko uku, a tsane, a ɗura a leda dubbai, kafin kwana biyu sun watsu faɗin ƙasa. A da, idan kan latas ɗaya ya gurɓata, gida ɗaya zai kwanta. Yanzu ya shiga kwatami ya gauraya da na kowa, wake ɗaya ya ɓata gari. Kulorin ɗin ma ainihin aikinsa shi ne hana ruwan wankin yaɗa ƙwayar, ba ya iya tsarkake ganyen sarai. Ƙwayar tana maƙalewa a lungunan ganye, da 'yan ƙofofin da yake numfashi da su, musamman kuma a bakin yanka inda ruwan ganyen yake tsatsa, wanda abinci ne a wurinta. Wanki mai kyau yakan rage kashi 90 zuwa 99 cikin 100. Ga ƙwayar da 'yan kaɗan ɗinta suke kayar da mutum, ragowar ta wadatar.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da jagorar tsaftar kayan lambu a 1998, amma shawara ce, ba wanda aka tilasta wa. A Nuwamban 2005 ta rubuta wa kamfanonin ganye na Kalifoniya wasiƙa tana cewa tun 1995 ta ƙirga ɓarkewar wannan cuta sau 19 ta hanyar latas da alayyafon Turawa. Ba a cika shekara da wasiƙar ba abin da ake gudu ya auku.

A farkon Satumban 2006 jami'an lafiya na jihar Wisconsin suka ga masu gudawar jini sun yi yawa, PulseNet ya nuna tambarinsu ɗaya da na wasu majinyata a wasu jihohi. Da aka yi ta tambayar abin da suka ci, amsa ɗaya ta riƙa maimaituwa: alayyafon leda. Ranar 14 ga wata FDA ta ce kowa ya daina cinsa, kantuna suka kwashe shi kaf daga kanta. Wani ɗakin gwaji a jihar New Mexico ya samu ƙwayar a cikin ragowar ledar da wani majinyaci ya bari. A jikin irin waɗannan ledoji an buga lamba P227A, wadda ta nuna masana'antar, da rana ta 227 a shekara, wato 15 ga Agusta, da zangon ma'aikatan da suka ɗura. Da wannan 'yar lamba aka bi baya zuwa gonaki 4 da suka kawo ganye a ranar. A kewayen ɗaya daga ciki, a yankin San Benito na Kalifoniya, aka samu ƙwaya mai tambari iri ɗaya a kashin shanun da ke kiwo kusa, da ruwan rafi, da jikin aladun daji da suke keta shinge. Ba a iya tantance ko ruwa ne ya kai ta ko aladu ba, amma an san gidan da ta fito. Mutum kusan 200 suka kamu a jihohi 26, sama da 100 aka kwantar, 31 ƙodarsu ta taɓu, 3 suka rasu: tsofaffin mata biyu da yaro ɗan shekara 2.

Kasuwar alayyafo ta rushe, asarar kuma ita ta sa manoma suka yi abin da wasiƙa ba ta sa su ba. A 2007 masu fataucin ganye na Kalifoniya suka ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu, na Arizona suka bi sahu, jihohin biyu kuwa su ke noma kusan kashi 90 cikin 100 na ganyen ƙasar. Suka amince da gwajin ruwan ban-ruwa, da daina zuba ɗanyen kashin dabbobi a gonar ganye, da tanadar bayan gida da wurin wanke hannu ga leburori, da duba gona kafin yanka ko dabba ta shiga, da barin tazarar ƙafa 400 tsakanin gona da babban garken shanu. Jami'an gwamnati ne suke zuwa su duba.

An yi kuskure ma cikin firgici, ya kamata a faɗa. Manyan masu saye suka matsa wa manoma su share duk ciyayi da itatuwan da ke gefen gona don kada namun daji su samu maɓoya. Aka sare, aka cike tafkuna, aka zuba guba. Wani bincike da ya fito a 2013 ya nuna kwarin Salinas na Kalifoniya ya rasa kusan kashi 13 cikin 100 na ciyayin bakin rafinsa cikin 'yan shekaru. Wani kuma a 2015 ya gano cewa sharewar ba ta rage ƙwayar ba, inda aka fi sharewa ma har ƙaruwa aka gani. Ba abin mamaki ba ne, don ciyawar bakin rafi ita ke tare dattin da ruwan sama yake kwasowa daga makiyaya.

Ranar 4 ga Janairun 2011 Shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar dokar tsaftar abinci, wadda ta ba FDA ikon kafa wa gonakin kayan lambu ƙa'ida a karon farko. A wannan shekarar ce Jamus ta ga tata masifar. Wani reshen E. coli mai lamba O104:H4 ya kama mutum sama da 3,800, sama da 800 ƙodarsu ta taɓu, 53 suka mutu. Cikin gaggawa aka shafa wa kokwambar Sifaniya kashin kaji, manoma suka zubar da amfaninsu, daga baya aka gano tsiron hulba ne daga wata gona a arewacin Jamus, irin kuma daga Masar aka shigo da shi. Tarayyar Turai ta biya manoman diyyar sama da Yuro miliyan 200.

Ƙa'idojin gona na Amurka sun fito a Nuwamban 2015, amma sashen da ya fi kowanne nauyi, wato na ruwa, aka yi ta ɗage shi saboda manoma sun ce gwajin da aka tsara yana da tsada da rikitarwa. Ana cikin wannan jan ƙafa, a bazarar 2018, latas mai dogon ganye da ake kira romen daga yankin Yuma na Arizona ya kwantar da mutum 210 a jihohi 36, biyar suka rasu. Masu bincike suka samu ƙwayar a ruwan wani magudanin ban-ruwa wanda ya ratsa ta gefen wani katafaren garken turka da ke ɗaukar shanu sama da 100,000. 'Yan samfuran da aka ɗiba a garken ba su nuna ƙwayar ba, don haka ba a ɗora masa laifi a hukumance ba. A Nuwamban shekarar aka sake yi, wannan karon ƙwayar tana cikin laka a gindin madatsar ruwan wata gona a Santa Barbara ta Kalifoniya. A 2019 kuma mutum 167 suka kamu daga latas ɗin Salinas, nan ma ga shanu suna kiwo a tudun da ke saman gonakin.

Kowace ɓarkewa ta ƙaro ƙa'ida. An mayar da tazarar garke ƙafa 1,200, kimanin mita 365. An wajabta wa 'yan yarjejeniya su sa wa ruwan rafi magani idan za a fesa shi a kan ganye cikin kwana 21 kafin yanka. An fara rubuta yankin da aka noma romen da ranar yankansa a jikin leda. A 2022 aka fitar da dokar ajiye bayanan da za su sa a iya bin sawun ganye daga kanti zuwa gona cikin hanzari, ko da yake an ɗage fara aiki da ita zuwa 2028. Dokar ruwa kuwa sai a Mayun 2024 ta kammala, aka bar tilasta yawan gwaji aka koma ga sa manomi ya nazarci hanyar ruwansa duk shekara, ya duba abin da ke samansa. A ganina har yanzu da saura, kuma sauran babba ne. Duk waɗannan ƙa'idoji a wuyan mai latas suke. Mai garken da ƙwayar take fitowa daga wurinsa ba ya ƙarƙashin ikon FDA, ba za ta shiga ta ɗebi samfuri ba sai da yardarsa. Wanda ke ƙasan rafi ake ta ɗaure wa, na sama kuwa an bar shi.

Akwai wani zaren tarihin da ya fi kusa da mu. A 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da za a ba ganyen ci ɗanye kada ya wuce ƙwayoyin najasa 1,000 a kowace mililita 100, kada kuma ƙwan tsutsar ciki ya wuce ɗaya a lita. Magana ce mai kyau, amma ta ɗauka akwai matatar najasa, alhali yawancin biranen Afirka ba su da ita. Doka ta ce haramun ne, manomi kuma ba shi da wani ruwan, sai aka ci gaba da yi ba mai dubawa. A 2006 hukumar ta sauya hanya: tunda ba za a samu kariya guda mai ƙarfi ba, a jera ƙanana da yawa daga gona zuwa kasuwa zuwa madafa, kowace ta rage wani abu. Masu binciken ruwa na cibiyar IWMI sun gwada wannan tare da manoman latas a Kumasi da Akara da Tamale a Gana. Sun ga amfanin barin ruwa ya kwanta a rami kafin a ɗiba ba tare da tayar da laka ba, da zuba shi ƙasa-ƙasa a gindin shuka maimakon a kan ganye, da tsayar da ban-ruwa 'yan kwanaki kafin yanka don rana ta kashe ƙwayoyin. Wannan na ƙarshen manoma ba sa sonsa, kuma suna da hujja: latas yana yaushi, nauyinsa ya ragu, mai saye ya raina. Ƙwan tsutsa kuma rana ba ta kashe shi da wuri.

Kakanninmu ba su sha wannan wahala sosai ba saboda yadda suke cin ganye. Zogale, rama, tafasa, yakuwa, lalo, alayyafo, duk sai sun ga wuta, ko kwaɗo za a yi sai an dafa an matse. Ɗanyen latas da kabeji abincin birni ne da ya yaɗu daga baya, yau kuwa ba a cika shinkafar biki ko buɗe-baki ba tare da shi ba, ga kwaɗon latas da ƙuli-ƙuli a ƙofar makarantu. Wani kaso nasa kuma daga lambunan cikin gari yake fitowa. A Kano duk wanda ya bi gefen rafin Jakara da rani zai ga injin ban-ruwa yana jan baƙin ruwa mai kumfa yana cika fangali, latas kore shar yana zaune a ciki. A Yamai kwarin Gunti Yena haka yake. Da asuba a yanke, a ɗauraye saiwar a ruwan nan dai, a ɗaure a buhu. A kasuwa mai kayan gwari ya ajiye bokiti ɗaya tun safe, yana tsoma hannu yana yayyafawa, hannun da yake karɓar kuɗi da shi. "Hajiya, yanzu aka yanko shi, dubi yadda yake sheƙi." Ba mugunta yake yi ba, kayansa yake tsarewa daga rana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, yana kashe 137,000. Ba duka ganye ne ba, amma mu ba mu da tsarin da zai ware mana nasa kason. Yaro ya yi gudawa a ce haƙori ne, babba ya ga jini a ce basir ne, a je kemis a sayo ƙwaya. Wannan ma da haɗari, domin idan E. coli mai dafi ce likitoci suna hana maganin tsayar da gudawa, ba su kuma so a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, don suna iya ƙara jefa ƙoda cikin matsala. Gudawar jini ta asibiti ce, balle idan fitsarin yaro ya ragu.

Uwargida tana da abin da za ta iya. Ta wanke hannu da sabulu, ta cire ganyen waje ta zubar, ta ware sauran ɗai-ɗai ta wanke a ruwa mai gudu ko ta sauya ruwa sau da yawa, kafin yanka ba bayansa ba. Binciken Gana ya nuna ɗan gishirin da aka saba barbaɗawa ba ya yin wani abin kirki, ruwan khal mai ƙarfi ya fi shi idan an bar ganyen ya jiƙa 'yan mintuna. A ƙasashen renon Faransa an saba da ɗigon sinadarin jabel ko famanganet, suna aiki idan an auna daidai an kuma ɗauraye. Omo ba na abinci ba ne. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama kada su taɓa salak, kuma salak ɗin da aka haɗa da rana kada ya kai dare a waje. Ƙaramin yaro, da mai ciki, da tsoho, da mai jinya, a ba su dafaffe idan ba a san inda ganyen ya fito ba.

Amma ba daidai ba ne a jibge wa uwargida nauyin duka, tunda masana'antu masu kulorin da injin sanyi ma sun kasa wanke abin da ya gurɓata tun daga gona. Korar masu lambu daga bakin rafi ba mafita ba ce, abincin iyalansu ne, gari kuma yana bukatar ganyen. Shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990 ya nuna ana iya haƙa wa manoma gajerun rijiyoyin burtsatse da kuɗi kaɗan, masu lambun cikin birni su suka fi kowa bukatarsu. Inda ba a samu ba, malaman gona za su iya karkatar da su ga ganyen miya a bar latas ga masu ruwa mai kyau. Kasuwar kayan gwari kuma tana bukatar famfo kamar yadda mahauta take bukata. Rafin Getsi, wanda ya ratso unguwar masana'antu ta Bompai kafin ya haɗu da Jakara, nasa ya wuce ƙwayar cuta, domin bincike da dama sun samu dalma da wasu ƙarafa masu guba a ruwansa da ƙasar da ake shayarwa da shi. Waɗannan shuka tana zuƙe su ta saiwa, ruwan khal ba ya fitar da su, tafasa ma ba ta fitarwa, sai dai a tare su a bakin bututun masana'antar da ta zubo su.